Ɗiyar yayata tana tambayar robo ina mamarta

Assalamu alaikum 'yan gurup, admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni ɗan kabu-kabu ne, mai ɗaukar fasinja a babur, a Zango, nan Damagaram. Bayan girbi yayata ta je suna Dakusa da ɗiyarta Balkisa, yarinya ce da ta shiga lakwal, makarantar boko, bana. A hanyar dawowa motar da suka shiga ta kife, Yaya ta rasu nan take, Balkisa ta karye a cinya. Da ta farfaɗo a gidan likita ta nemi mamarta, sai tsohuwarmu ta ce mata an kai ta Yamai ana yi mata magani. A gidan mijin aka yi zaman makoki, yarinyar kuwa da aka sallame ta gidanmu aka kawo ta, uban ya koma aikinsa a Agadas. Har yau ba a faɗa mata ba.

Tun da ta dawo ta daina magana da kowa, bango kawai take kallo. Akwai wani wasan noma a talhona, wato wayata, ana shuka ana kiwon kaji, a ciki akwai robo, wani mutum-mutumin inji mai ban ruwa. Wata rana na buɗe mata, na kare fuskata da talhon, na maƙe murya na ce ni ne robon gona, masarata ta bushe, wa zai taimake ni. Sai ta yi dariya, ta sa masa suna Malam Gwangwani. Daga nan kullum in na ajiye moto sai mun yi. Shi take gaya wa inda ke mata ciwo, shi ke sa ta cin abinci da shan magani. Ta san ni ne, amma in na yi magana da muryata sai ta juya baya.

Satin da ya wuce muna cikin ba kaji hatsi ta ce, "Malam Gwangwani, Kaka tana ƙarya, Kawu ma yana yi, amma kai inji ne ba ka iya ba. Ina Mama?" Na ce bateri ya ƙare, na fita zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na samu tsohuwa na ce lokaci ya yi, ta ce ba za a faɗa ba sai yarinyar ta taka ƙasa da ƙafarta, in na buɗe baki ba ta yafe mini ba. Ga ta da hawan jini, ita ma ɗiyarta ta rasa, ban iya ja da ita ba. Na kira uban, ya ce duk abin da Hajiya ta ce shi ke nan. Majon, ma'aikacin jinyar da ke zuwa duba ƙafar, kuma ya ce mini yara suna ganewa, ɓoyon ya fi yi musu illa.

Na daina buɗe wasan, ita kuma ta daina cin abinci, ko kunu sai an yi da gaske. Jiya da la'asar dole na koma. Ba ta kula kajin ba, ta jawo hannuna da talhon kusa da bakinta, a hankali ta ce, "In ta mutu ba sai ka yi magana ba, ka girgiza kai kawai. Ba zan gaya wa Kaka ba." Na riƙe talhon gam don kada hannuna ya yi rawa ta ɗauka amsa ce. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja zane ta rufe kanta.

Yau ko aiki ban fita ba. In na faɗa na saɓa wa uwata, in na yi shiru yarinyar tana ramewa a gabana. Kuma in faɗar ce, ban san da wace murya ba. Da ta robon, ina jin kunyar a ce abin wasa ne ya sanar da ita mutuwar uwarta. Da tawa, ba ta saurarena. Masu ilimin addini da waɗanda suka taɓa rainon maraya, me zan yi? An jima zan shiga gida, kuma na san za ta miƙo hannu neman talhon.