Gardamar Littafi Za Ta Raba Ni da Jummai

Assalamu alaikum Goggo Harira. Don Allah ki taimake ni da shawara, kafin maigidana ya kwashe mu ya kai mu Rigasa a kan gardamar da ba da ni aka fara ta ba.

A Kurmin Mashi muke a nan Kaduna, gidan haya, tsakar gida ɗaya da wani bawan Allah Malam Yusha'u da matarsa Jummai. Hausawa ne Kiristoci, mutanen wajen Malumfashi. Tun ina amarya muke tare. Jummai ce ta riƙe ni ranar haihuwata ta fari, lokacin da maigidan ya ruɗe ya fita neman mota da takalmi ƙafa ɗaya. Zoɓo nake sayarwa, kuma a firjinta nake sanyaya shi. Da Salla mu kai musu nama, da Kirsimeti su cika mu da shinkafa da cincin. Su kuwa mazan ƙwallo ce ta haɗa su: talabijin na Malam Yusha'u, janareto na maigidana, ƙungiyarsu ɗaya.

Maigidana gyaran waya yake yi a kasuwa, in ba ciniki sai kallon bidiyo. Ya faɗa kallon masu muhawarar addini, har ka gan shi shi kaɗai yana nuna wa bango yatsa. Wata Asabar da la'asar sun shimfiɗa tabarma za su kalli wasa, sai aka ce an ɗage shi. Da sun naɗe tabarmarsu sun tashi, da ban rubuto miki ba. Ina tace zoɓo na ji maigidan ya ce, "Malam Yusha'u, wai wa ya ce littafin nan naku gaskiya ne?" Ya ce Allah ne ya faɗa. Ya ce a ina? Ya ce a cikin Littafi Mai Tsarki. Goggo, sai ga maigidan nan nawa ya daka tsalle kamar an ci ƙwallo, har ya ɓarar min da bokiti. Wai ya kama shi, littafi ya shaidi kansa, ko a kotu ba a karɓar wannan.

Washegari Malam Yusha'u ya dawo daga coci da shirinsa. Ya ce ai ba littafi ɗaya ba ne, littattafai ne da yawa, mutane daban-daban suka rubuta a zamani daban-daban, don haka juna suke shaida. Maigidan ya ce ai duk 'yan gida ɗaya ne, ɗan'uwa ne ya tsaya wa ɗan'uwa. Malam Yusha'u ya ce to rana fa, sai an haska ta da tocila kafin a yarda ta fito? Maigidan ya ce rana kowa na ganinta, har akuyar mai gidan haya. Haka suka yi ta yi kullum da yamma, ni da Jummai muna gefe muna tsince wake muna dariya, a zatonmu irin gardamar ƙwallonsu ce.

Sai ranar da Malam Yusha'u ya ce, "To kai naka littafin fa, wa ya shaide shi?" Maigidan ya ce, "Ai namu daban ne." Malam Yusha'u ya fashe da dariya, ya ce ai shi ma abin da yake ta faɗa ke nan tun farko. Dariyar nan ce ta ɓata komai.

Yanzu ko gaisuwa babu. Maigidan ya janye janaretonsa, sai ya zama ɗaya na da talabijin ba wuta, ɗaya na da wuta ba talabijin. Ranar wasa kowa ya shige ɗaki da rediyonsa, in ƙungiyarsu ta ci sai su kurma ihu tare, sannan kowa ya wayance da tari. Ya hana ni firjin Jummai, kuma wa zai sayi zoɓo mai ɗumi a Kadunan nan? A wajen shanya muke haɗuwa kamar ɓarayi. Ran nan ta miƙo min cincin ta bayan zanin gado, maigidan ya ci ya lashe yatsa, ya ce hannuna ya fara kyau.

Ni ma na ƙara wa abin wuta. Yana cin tuwo yana cika baki wai duk kasuwar babu mai gyaran waya kamarsa, sai bakina ya suɓuce na ce wa ya shaida? Ya ce shi ya faɗa. Na ce ai kai ka ce ba a shaidar kai. Ya ajiye lomar, ya kalle ni, ya ce ashe lauyar Yusha'u yake aure. Da gari ya waye ya sa dillali neman ɗaki a Rigasa.

Goggo, ni ba ni da shakka a kan addinina, Jummai ma haka take a kan nata. Amma tambayar ta tsaya min a rai. Waye mai gaskiya a cikinsu? Kuma ya zan yi in tsira da mijina, in tsira da aminiyata?

Taki,
Mai Zoɓon Kurmin Mashi

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na yi dariya, amma na ji zafin da ke ƙarƙashin maganar. Ni ba malama ba ce, ba kuma fasto ba, don haka iya fahimtata zan faɗa.

Maigidanki yana da gaskiya a wuri ɗaya. Faɗar littafi cewa shi gaskiya ne ba ta isa ta gamsar da wanda bai riga ya yarda da shi ba. Malam Yusha'u ma yana da tasa. Kiristoci masu ilimi ba a nan suke tsayawa ba, suna kawo maganar tarihi, da tsofaffin rubuce-rubuce, da abin da littafin ya yi wa rayuwarsu. Malamanmu ma suna da hujjojinsu da suka wuce "namu daban ne", kuma da maigidanki ya zauna gabansu maimakon gaban waya, da ya sami abin faɗa ranar nan. Mai imani yana jin gaskiyar littafinsa a ransa, amma in zai yi magana da na waje, sai ya yarda a auna nasa da mudun da ya auna na wani. Ko hujjojin sun gamsar ko ba su gamsar ba, wannan tsohuwar muhawara ce ta masana, ba a kan tabarmar gidanku za a rufe ta ba.

Sannan ki lura, ba addini ne ya raba su ba. Sun daɗe da sanin kowa da nasa, suna cin abincin juna. Kunya ce. An yi wa mijinki dariya a gabanki, ke kuma kika maimaita masa a kan tuwo. Maganarki daidai ce, lokacinta ne bai yi ba. Ki ba shi haƙuri a kan wannan, ba tare da kin ce "amma" ba.

Ki roƙi Jummai ta nuna wa mijinta cewa dariyar ta yi ciwo. Ya zo ya yi sallama ya gaishe da maigidanki kawai, kada a tayar da zancen littafi. Idan maigidanki ya cije, ki kai maganar ga wani dattijo da yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko yayansa, ya tuna masa haƙƙin maƙwabci, wanda addinin da yake karewa ya ɗora masa. Ki daina ɓuya a wajen shanya, domin ranar da ya gano, abin zai fi haka muni. Ki faɗa masa a fili cewa sana'arki ta tsaya, kuma kina kewar matar da ta tsaya miki a ranar wuya. In sun shirya, su yi doka: mai son muhawara ya je ya yi karatu tukuna, kuma ba a yin ta a gaban iyali.

In ya sake ambaton Rigasa, ki tambaye shi cikin ladabi ko dillalin ya yi masa alkawarin maƙwabcin da zai jure gardamarsa kullum, bai taɓa zaginsa ba, bai taɓa zagin addininsa ba. Ɗaki ana samu a ko'ina. Irin wannan mutumin kuwa, dillali ba ya da shi.

Allah ya sanyaya zukatan mazajenku, ya bar ki da mijinki, ya bar ki da Jummai.

Goggo Harira