Shirun da Mota Ta Yi a Hanyar Baleyara

Lahadi da dare, Filinge

Na gaji tilis. Wata uku ina jiran ƙarfen nan, don tun da sojoji suka hau mulki aka rufe iyaka, kayan mota ba su isowa da wuri. Jiya Hamidu makanike ya wuni ƙarƙashin tsohuwar motata otomatik, ya ɗaura shi bayan buwat, akwatin giyar motar. Ya ce ƙarin bitesi ne, wato giyar gudu: in na ɗau gudu, injin zai bar kururuwa, ya rage shan esansi, wato fetur.

Yau na ɗauki Baba zuwa kasuwar Baleyara kamar kowace Lahadi. To ina aka ga gudu? Rami, shanu, shingen jandarma, wani ramin kuma. Har na fara zagin Hamidu a zuci.

Sai wajajen Damana muka samu hanya mai kyau. Na taka, na danna maɓallin da Hamidu ya haɗa wa ƙarfen. Motar ta ɗan zabura, sannan ta yi tsit.

Baba ya ce, "Kai, mutuwa ta yi?"

Na yi dariya. Cikin shirun nan ne na ji wani siririn fito. Na ɗauka ƙarfen ne, har na kasa kunne wajen buwat. Ashe ƙirjin Baba ne, duk numfashin da ya ja sai ya yi.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun damina. Motarka ce ba ta bari ka ji."

Wata uku ina sauraren inji, shi kuwa yana zaune gefena. Gobe da sassafe sai likita a Yamai, ko ya yarda ko bai yarda ba.