Usur Ɗin Dodo Yana Kan Hanya

Zuwa ga Rahina, hasken idona, dabinon Gidimuni mai zaƙi har ƙwallo, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan famfon da ya dawo Birni bayan wata uku ana leƙen randa! Sallama gare ki da yawan duwatsun Damagaram, manyansu da ƙananansu.

Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. In da tulu a kanki ki sauke, don ba na so a ce na fara yi wa gidanku ɓarna tun ban zama suruki ba. Rahina, na samo Dodo! Wallahi na samo shi! Daga Nguru nake rubuto miki, a kan bencin mai shayi. Sau huɗu na ɗauki salula in kira ki, sau huɗu dariya da kuka suka haɗu suka shaƙe ni, har mai shayin ya janye kofinsa daga gabana. Shi ya sa na koma ga takarda, zan ba Habu direba ya riga ni isowa da ita.

Kin tuna ranar da na zo gaida Kaka Kellu? Babanki ya riga ya yarda da ni, amma ya ce ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa. Kika kawo mini ruwa a kwanon sha, gyalenki ruwan ganye, kina kallon ƙasa kamar kin yar da allura. Ni kuwa na sha ruwan nan ban san ko na sanyi ne ko na zafi ba! Kaka ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ba ta ba direban kamiyo jika. Ta ji labarin kwana arba'in da na yi a maƙale a Maigatari lokacin da aka rufe iyaka, ta ce ita ta san wannan rufewar tun kafin a haifi ubana. Sai ta ba mu labarin mahaifinta Dodo, mutumin Hamdara, wanda ya kora jakuna da gyaɗa zuwa Nguru, garin da layin dogo ya ƙare, tana 'yar shekara bakwai. Ya yi mata alkawarin usur irin na masu jirgin ƙasa, ya ce in ya dawo zai busa sau uku a ƙofar gida. Yaƙin Turawa ya yi zafi, Faransa da Ingilishi suka juya wa juna baya, aka datse hanya. Shekara tamanin da ɗoriya ke nan, ko hularsa ba ta dawo ba. Mai ƙafa a hanya, in ji ta, ba ya dawowa.

Sannan ta tauna goronta, ta yi mini wasan kaka da jika. Ta ce, "Kai mijin banza, je ka kawo mini ubana, in ba ka jikata." Gida ya ɗauki dariya. Ke kuma kika girgiza mini kai daga bayanta, kina cewa da ido wasa ne, kada in ɗauka. To, ya zan yi da raina? Wanda so ya kama, ko an ce masa tafkin Gidimuni ake so a ludayi, tambaya zai yi na duma ko na roba!

Na sauke wake a Maigatari, na bar kamiyo a tasha, na shigo motar haya. Rahina, na ga layin dogo da idona, mu da jirgin ƙasa bai taɓa leƙa garinmu ba. Ƙarfe biyu ne kwance cikin ciyawa, awaki na hutawa a kai, ga manyan sito duk tsatsa ta ci rufinsu. Jirgi kam ban tarar da ko ɗaya ba. Amma ƙarƙashin wata bishiyar maina akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe, su ne jirgin da ya rage, kuma in suka tashi da labari babu birki. Kwana uku ina zaune da su. Sun ba ni abin da suka ji a bakin iyayensu: yadda aka tara buhunan gyaɗa har suka fi rufin tasha, yadda tarago ke tafiya cike da samari zuwa yaƙin Bama mata na bin sa da kuka, yadda Damagarawan da hanya ta rufe da su suka zama leburori, suna dakon buhu suna kallon arewa. Duk labarin da suka ɗauko, fuskarki nake gani a ƙarshensa.

A rana ta uku Malam Umaru, wanda ya yi aikin canza wa jirgi layi, ya daki cinyarsa. Ya ce in dai Dodo Badamagare ne, ai 'yarsa na nan bayan tasha, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a dā, sunanta Kellu.

Kellu, Rahina! Na tashi na nufi bayan tasha. Da na shiga gidan na ga goshin Kaka, hancin Kaka, har hararar Kaka, saura kaɗan in durƙusa in ba da haƙuri tun ban yi laifi ba. Ta ce ba ta san ubanta ba, tana goye ya rasu, amma uwarta ta gaya mata komai. Sau biyu ya nufi gida, sau biyu sojan Faransa masu sintiri a kan raƙuma suka koro shi. Ya yi aure a nan, da aka haifa masa 'ya ya ƙi kowane suna sai na wadda ya baro, don bakinsa ya riƙa kiranta kullum. Sanƙarau ya ɗauke shi ana saura kaɗan a buɗe hanya. Ita da uwarta sun yi ta tambayar fatake, amma Damagaram kawai suka sani, ba su san Hamdara ba. Daga nan ta jawo wata tsohuwar kwalla, ta kwance tsumma, sai ga usur na farin ƙarfe. Uwarta ta ce mata na yayarta ne da ke Damagaram, kada kowa ya busa.

Ashe bai manta ba! Ashe hanya ce ta ci amanarsa, ba shi ya ci ta Kaka ba! Wa zai riƙe ni yau? Na fito ina gaida awaki, na rungume Malam Umaru har ya yi tari. Ji nake zan iya tura kamiyo da hannu ɗaya daga nan har Takieta, in dawo ban nemi ruwa ba.

Amma ina jin tsoro, sanyin idona, ba zan ɓoye miki ba. Kaka ta haura casa'in, kuma farin ciki ma kaya ne. Ki lallaɓa ta. Ki ce baƙuwa na tafe daga Nguru, ki sa a dama fura mai yawa, sauran ki bar mini. Idan kuma ta murguɗa baki ta ce uba ta aike ni ba ƙanwa ba, ki taya ni roƙo, don ban da wani Dodo da zan tono, kuma ban da wata Rahina.

Kellu ƙarama ta yarda za ta biyo ni, da ɗanta a gefe da matashi biyu a gaban mota, zan tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta ce numfashinta ba zai kai ba, ni zan busa a madadin ubansu. Ranar Juma'a bayan la'asar ki zauna kusa da Kaka, ki riƙe hannunta da kyau. Busa ukun farko na Dodo ne, ya iso a makare amma ya iso. Idan kika ji na huɗu, Rahina, wannan nawa ne. Mai ƙafa a hanya ya dawo, ki fito.

Naki, ko a buɗe iyaka ko a rufe, har ranar da za a miƙe ni a gabas,
Nasiru