Littattafan Malam Suna Ƙarƙashin Gadona

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafarki? Mu a Unguwar Dosa sai godiya, takaba ta kusa ƙarewa.

Jiya ɗaliban Malam suka zo neman littattafan aikinsa. Wata cikinsu ta nuna mini wani gilashi da Malam yake haɗawa da farar wuta, ja mai duhu, wai zafin jikin mutum yana ratsa shi har kyamara ta gani. Ta ce da raha yake koya musu.

Yaya, shekara ashirin ina wanke warin farar wuta a rigunansa, bai taɓa yi mini wannan bayanin ba. Kishi ya kama ni, na ce ban ga littattafan ba, ni da ko Turanci ba na karantawa.

Ki roƙa mini Allah ya sanyaya zuciyata in ba su. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Balaraba