Labulen Ɗakin Shontel

Lahadi, 2 ga Fabrairu
Silin motar nan ya gama saukowa. Yadin har kai yake taɓawa, madubin baya ba abin da ake gani sai tsumma. Ran Alhamis kuma 'yata Shontel za ta yi gwajin tuƙi. Gidan kula da tsofaffin da ta nemi aiki, can birnin Dubbo, sun ce in ba lasin, wata za su ba aikin. Awa ɗari da ashirin da mai koyo zai yi da babba a gefe, ni na zaune su kaf, hannuna a sama ina tokare da yadin nan kar ya rufe mata ido. To mai gwaji ba zai tokare mata ba. An ce ko shiga ba zai yi ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu
Na soka fil ya fi talatin. Muna hawa hanyar tsakuwa suka dinga zubowa. Shontel wai "Mama, gyara kike ko kashe ni za ki yi?" Ni ban ga abin dariya ba.

Talata, 4 ga Fabrairu
Na fesa gam. Ya kama tsaf, har na kira Shontel ta gani. Sai na bar motar a rana, da zafin nan. La'asar ya sauko gaba ɗaya, wani jan gari na manne mini a gashi. A ciki na zauna na yi kukana.
Wata zuciyar ta ce to shi ke nan, sai ta zauna gida da ke. Ban so na ji daɗi ba. Na ji.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Baba Merv maƙwabcinmu, tsohon makanike, ya leƙo ta shinge. "Noeleen, gam a kan ruɓaɓɓen soso? Me zai riƙe, addu'arki?" Wai sai an ciro kwalin silin duka an kankare. Muka kwantar da kujeru muka zaro shi ta baya. Na goga da burushin wanki har yatsuna suka fashe. Ya ba ni gam mai jure zafi. Amma tsohon yadin ya yage, kuma kaf garin nan babu irinsa sai mako mai zuwa.
Na daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Shontel. Labulenta mai furanni, ni na ɗinka tana 'yar shekara shida. Na sauke shi na sa almakashi.
Ta ce "Mama, to ɗakina fa?" Na ce riƙe mini can gefen.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Ta ci gwajin. Ta ce mutumin ya ɗaga kai ya kalli furannin, ya danna da yatsa, ya ce mu je.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Ita ta tuƙa mu har Dubbo, motar tana wajenta yanzu. Muna cikin tafiya ta ce "Mama, sauke hannunki." Ashe yana sama, ba abin da yake riƙe.
A bas na dawo. Ɗakin nata ba labule, haske tar. Na jawo keken ɗinkina na ajiye bakin tagar. Na ɗan lokaci ne dai.