Manyan Haruffa Saboda Baffa Ilu

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai tafireta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Uwani. Na zo maka da labarin littafinka, da kuma ɗan ƙorafi.

Ka tuna tarihin gonakinmu na Mahuta da ka dinga bugawa a kwamfutata bayan ka yi ritaya daga ofishin gona a Funtua? Ka ce in ka gama za ka kai wa yayanka, Baffa Ilu. Ka gama, ba ka kai ba. To idon Baffa yana tafiya, Baba. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiya ce, kuma ɗan ganin da ya rage ba zai jima ba. Na ce in karanta masa, ya ƙi. Rubutun ƙanensa, in ji shi, da idonsa zai karanta.

Na ce abu mai sauƙi, in ƙara girman haruffa in buga. Ina ƙarawa shafin ya watse kamar kaji sun shiga shanya. Layi ya karye a tsakiya, kalma ɗaya ta sauko ƙasa ita kaɗai. Jadawalin wace gona, me aka shuka, wa ya noma kuwa, ba a magana. Auduga ta koma cikin sunayen mutane, Baffa Ilu ya faɗa cikin amfanin gona, tsakanin masara da waken suya.

Ban firgita ba, aikina ne. Na danna maɓallin da ke tona duk abin da ke ɓoye a shafi, sai ga ka tsaf. Ashe tafireta ka mayar da kwamfutar! Ƙarshen kowane layi ka yanke shi da hannunka. Jadawalin ma ba jadawali ba ne, tazara ka yi ta bugawa har kalmomi suka jeru a idonka. Haba Baba! Ni da na yi ta faɗa maka ka bar ta ta sauko da layi da kanta, kai kuma kana cewa, "Injin da zai yanke min magana bai da ladabi."

Na ajiye naka yadda ka bar shi, na ɗauki kwafi na shiga gyara. Na share yanke-yanken nan, na haɗe kowane sakin layi. Na ɗora su duka a kan salo ɗaya, yadda in na ƙara girma sau ɗaya kowa ya bi. Na zana jadawali na gaske, kowace kalma a gidanta. Nan ma ya yi min gardama: rubutun ciki ya ƙi girma, don shi salonsa daban ne, sai da na bi shi can na gyara. Na sa kan jadawalin ya dinga maimaituwa a kowane shafi, na hana layin gona ɗaya rabuwa tsakanin shafi biyu, kada Baffa ya juya takarda ya ɓata.

Ba zan ɓoye maka ba, sharewar ta yi min ciwo. Kowane ɗigon tazara da na share yatsanka ne ya buga shi.

Ranar Asabar da hantsi na buga littafin a takarda, na hau babur na kai wa Baffa. Ya jawo tabarma bakin zaure inda haske yake, ya kawo takardar dab da hancinsa, yana bin layi da yatsa. Yana karantawa, Baba. Da kansa.

Da ya kai gonar bakin rafi sai ya tsaya, ya daki takardar. Ya ce wannan ba haka ba ne, a waccan shekarar dawa kuka shuka ba gero ba, kuma shi ya yi huɗar, kai kana kwance da zazzaɓi. Ya ɗago kai a fusace ya ce, "Ke, kira min Sani!"

Sai ya tuna ba ka nan. Can ya goge ido da bakin riga, ya ce kada in gyara, in bar maka geronka. Ya juya shafi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya bar wa Baffa ganinsa har ya kai shafin ƙarshe.

'Yarka mai kewarka,
Uwani