Ƙofar Motar Shugaba

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gareji?

Kawu, da kunya nake rubuta wannan. A makarantar koyon sana'a inda nake koyarwa, an ba ni darasin fitar da lotsewar mota ba tare da fenti ba. Na karanta wa ɗalibaina tarihinsa, yadda aka ce ya faro a masana'antun ƙera motoci, ma'aikata na turo ƙarfen daga ciki a hankali har ya koma daidai. Yaran kirki ne, idonsu a kaina, suka ce in nuna musu. Shugaban makaranta ya ba da motarsa, wadda ƙofarta ta ɗan lotse. Na zura rodi ta bayan ƙofar, na danna tsakiyar ramin da ƙarfi. Wurin ya yi tsini kamar ƙurji, fentin ya tsage a gaban mutum talatin. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, wannan ma yana cikin tarihin?"

Saura mako uku su yi jarrabawar aikin hannu. Don Allah ka zo ka koya musu.

Ɗanka mai biyayya.

*

Ɗan-boko,

Muna lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta sau biyu, na biyun don in yi dariya.

Ashe abin yana da tarihi? Da nake yi da guntun rodi da ƙotar guduma, kai ne ka tsaya a bakin gareji da takardarka ta kammala karatu, ka ce wa wani mai mota aikin ƙauyanci ne, ya je inda ake shafa fila a cike ramin a fesa fenti. Ya tafi kuwa. Shekara goma sha ɗaya ba ka sake taka garejin ba.

Kuma ba rodin ake kallo ba. Doguwar fitila ake kafawa a gefe, a kalli yadda haskenta ya karkace a jikin fenti. In ya miƙe, an gama.

Kawunka.

*

Kawu,

Bayan gaisuwa. Ban manta ba, na yi fatan kai ka manta. Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, idonka na kasa haɗawa da nawa.

Jiya na rufe littafi, na gaya wa ɗaliban komai, har kalmar da na faɗa. Na gwada fitilar kuma, hasken nake gani amma hannuna ba ya jin maganarsa. Ka yafe mini. In ba za ka zo domina ba, su ba su yi maka komai ba.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Talata da safe. Ka nemo tsofaffin ƙofofi biyar. Ka ƙara kujera ɗaya a layin gaba, taka ce, kuma kai za ka fara riƙe rodin.

Ka gaida yaran.

Kawunka.